Allon Tsinke da Murmushin Sarkin Almakashi

Jama'a, ranar Talatar makon jiya na yi awa biyu da rabi a kan benci a ƙofar wani gini da aka gina da harajina, ina jiran mabuɗin da ke aljihun wani bawan Allah da ya tafi taro. Ga shekaru saba'in da ɗoriya, ga ciwon gwiwa, amma ba jiran ne ya dame ni ba. Jira dai gadonsa muka yi, kuma shi za mu bar wa 'ya'yanmu. Abin da ya kai ni ne zai ba ku dariya: aron allon kwamfuta na je.

Bari in faro muku daga tushe. Ina da jika mace, muna ce mata Tsinke, don in ta juya gefe sai ka neme ta ka rasa. Ta gama sakandare tana jiran gurbin karatu, wanda shi ma wani layi ne da ba wanda ya taɓa ganin kansa. A zaman nan ta kama wasan tseren mota a kwamfuta, abin da suke ce wa gem. Da farko na ɗauka shiririta ce, sai wata rana na leƙa na gan ta da littafi tana rubuta inda za ta taka birki a kowace kwana, da zane, da lambobi. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da fiziks, ban taɓa samun ɗalibin da ya zana tafiyar mota a kwana don ra'ayin kansa ba, sai don tsoron bulala. Na ce to, sunansa wasa, amma yarinyar nan ba wasa take yi ba.

Wata ƙungiyar 'yan wasa ta intanet ta sa ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma za ta gwada sababbi. Mutum arba'in za su yi tsere, a ɗauki uku. Uban Tsinke kuwa, ɗana na fari, wanda na san iyakar haƙurinsa tun yana goye, ya riga ya yanke hukunci: in ba a ɗauke ta ba, ranar Litinin kwamfutar ta koma kasuwa, kowa ya huta.

"Mama, na gaji da wannan vuum-vuum a gidan nan," in ji shi. "Motar da ba ta kai mutum ko'ina ai ba mota ba ce."

Na ce, "Taka da ta kwana uku a layin mai, ina ta kai ka?"

Ya tashi ya fita. Amma hukuncin bai janye ba.

Matsalar Tsinke allonta ne, wani tsoho da aka yi gwanjonsa daga wani ofis. Ta ce min, "Kaka, nawa sittin ne, su kuwa duk ɗari da arba'in da huɗu gare su." Na ce sittin ɗin me, kilo? Da ta fara bayani sai na ga ai abin da na sani ne. Kun tuna muna yara mukan zana ɗan mutum a kusurwar kowane shafi na littafin rubutu, mu saki shafukan da babban yatsa, sai ka ga yana gudu? Haka allo yake. Abin da kuke gani yana motsi, hotuna ne tsayayyu ake sauyawa da sauri. Allon Tsinke sau sittin yake sauya hoto a daƙiƙa ɗaya, na abokan takararta sau ɗari da arba'in da huɗu. Kafin ita ta ga kwana ta taho, su sun gani har sun fara karya kan mota. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma tsere ai da abin da bai kai ƙiftawar ido ba ake cinsa.

Nan ne na tuna da Mai Girma Sarkin Almakashi. Kun san irinsa, kowane gari da nasa: mutumin da almakashinsa ya fi na kowane tela aiki, amma bai taɓa ɗinka ko aljihu ba, sai yankan ƙyalle a bakin ƙofa. Bara waccan ya zo unguwarmu da jiniya da motocin da suka cika titi har masu keke suka sauka suka tura. Ya yanke jan ƙyalle, ya buɗe abin da ya kira cibiyar matasa ta zamani. Ya ce an sayo alluna ɗari na gani na faɗa, waɗanda ko a inda aka ƙera su sai ɗan wane da wane. Ya ɗaga yatsa sama ya ce daga yau ɗan talaka ya daina kallon fasaha ta taga. Muka tafa. Ni ma na tafa, Allah ya yafe min.

To, ta tagar muka kalle ta ranar Talata.

Mun tarar da mai gadi, wani dattijo mai fara'a, yana ɗinke takalminsa.

"Sannu da aiki, Baba mai gadi. Yarinyar nan muke so ta ɗan yi amfani da allo na awa biyu, yau da kuma Asabar."

"Ai Hajiya ɗakin allunan a kulle yake."

"Ina mabuɗin?"

"Yana wurin Oga."

"Ina Ogan?"

"Ya tafi taro."

"Taron me?"

"Na yadda za a jawo hankalin matasa su riƙa zuwa cibiyar."

Na dubi Tsinke, matashiyar da ta kawo hankalinta da ƙafarta ba tare da an jawo shi ba, na ce mu zauna. Ta taga muka hango allunan a jere, kowanne lulluɓe da ledarsa kamar marasa lafiya a asibiti. Mai gadi ya ce an hana taɓawa, don kada su lalace kafin ranar da manya za su zo duba yadda ake amfani da su.

Guda huɗu ne kaɗai aka cire wa leda. An kafe su a bangon zauren shiga, janareta na ta ruri a bayan gini saboda su. Tsinke ta matsa ta karanta wata 'yar takarda da ke manne a gefen ɗaya, ta kama hannuna har sai da na ji zafi. "Kaka, ɗari biyu da arba'in ne! Wallahi ɗari biyu da arba'in!"

Kun san me suke nunawa? Hoton Mai Girma. Ba bidiyo ba, hoto tsayayye: hula a karkace, almakashi a hannu, murmushi har kunne. Tsohuwar malama ba ta barin lissafi, nan take na yi shi a ka. Murmushi guda, ana sabunta shi sau ɗari biyu da arba'in a daƙiƙa, wato sau dubu ɗari takwas da sittin da huɗu a awa ɗaya, a kan kowane ɗaya daga cikin alluna huɗu. Dole a jinjina wa mutumin nan. Ruwan famfonmu sau ɗaya ake sabunta shi a mako, alkawarin gyara titinmu sau ɗaya a shekara huɗu, amma fara'ar shugaba ba a bari ta kwana ko na ƙiftawar ido. Wanda ya ce manyanmu ba su san amfanin fasaha ba bai yi musu adalci ba.

Oga bai dawo ba. Muka kama hanyar gida, ni ina jan ƙafa, Tsinke na biye da ni kai a sunkuye. A hanya na yanke shawarar saya mata allo. Akwai ɗan abin da na ware don sabon tabarau, tunda wannan na fuskata hannunsa ɗaya da zare na ɗaure shi. Na ce tabarau ya jira, shi ma ɗan ƙasa ne, ya iya jira.

A ƙofar gida muka haɗu da maƙwabcina da muke kira Na-ji-an-ce, na gaya masa abin da zan saya. Mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa ganin komai da idonsa ba, kuma bai taɓa rasa amsar komai ba.

"Malama, kada ki zubar da kuɗinki," in ji shi. "Na ji an ce idon ɗan Adam ba ya ganin abin da ya wuce sittin. Duk sauran yaudarar 'yan kasuwa ce."

"Wa ya ce?"

"Masana."

"Wane masanin? Yana da suna? Ya gwada da idon wa?"

"Haba Malama, ai sanannen abu ne. In kuma lallai sai kin saya, ki sayi babba mai tsada. Araha ba ta ado."

Na ce masa yanzun nan na baro alluna ɗari masu tsada, kuma ado kam suna yi, don ban da adon ba abin da suke yi. Ni a rayuwata duk maganar da aka fara ta da "ai sanannen abu ne" sai na ɗaga ta na duba ƙarƙashinta. Sau da yawa ba na samun komai sai ƙura.

Ranar Laraba muka shiga layin masu kayan kwamfuta. Shagon da Tsinke ta kai ni na wani ne da kowa ke ce wa Injiniya, kodayake ban ga alamar ya taɓa gina ko akurki ba. Da ya ga tsohuwa da jaka a hammata, sai ya miƙe tsaye yana goge kujera, kamar kura ta ga akuya ta kawo kanta.

"Sannu da zuwa, Mama! Ke kam kin zo gida. Ga irin naki nan."

Ya jawo wani ƙaton kwali da ya kusa kai ƙofar ɗakina faɗi. An rubuta 240 a jiki da manyan lambobi ja.

Tsinke ta ce a kunnena, "Kaka, talabijin ce."

Na gyara tabarau na sunkuya. A ƙarƙashin manyan lambobin akwai wani rubutu ƙanana kamar sawun tururuwa, yana bayanin cewa wannan ɗari biyu da arba'in ɗin wata dabara ce ta gyara motsin hoto, ainihin allon sittin ne. Na ce, "Ɗana, wannan kwalin ai ya cancanci muƙami. Babban rubutu yana alkawari, ƙaramin yana warwarewa."

Ya yi dariya ya sosa ƙeya. Ya kawo wani mai lanƙwasa kamar ɓawon kankana, da fitilu masu launi suna zagaye a bayansa.

"Fitilun bayan nan wa zai kalla?" na tambaye shi. "Bango?"

"Yayi ne, Mama."

"To bangonmu bai ce yana so ba. Kawo wanda duk kuɗinsa ya tafi gaba, inda ido yake."

Tsinke ta riga ta yi min karatu a mota, ni kuma na riƙe. Ba ma son babba, don mai wasa kusa yake zama, inci ashirin da huɗu ya ishe shi. Ba ma son wanda hotonsa ya cika yawan ɗigo-ɗigo, irin da ake ganin gashin hancin mutum, don kwamfutarta ba ta da ƙarfin cika shi da sauri, kuma ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ba ma son lasifika a jiki, tana da abin sawa a kunne. Abu ɗaya muke biya: sauri. Duk wani abin da aka ƙara, kuɗin saurin aka gutsura aka saye shi.

Da ƙyar ya shiga ciki ya fito da wani baƙi, siriri, marar kwalliya, kamar Tsinken kanta. An rubuta 144 a gefe ba tare da ihu ba. Na ce a kunna.

"Babu wuta, Mama."

"Ta da janareta."

"Mai fa, Mama? Kin san halin da ake ciki."

"Na sani. Shi ya sa ba zan yi cinikin biri a sama ba."

Na miƙe kamar zan tafi, sai ga janareta ya samu lafiya. Na sa ya jera allon da wani tsoho mai sittin, Tsinke ta kama linzamin kwamfuta, ta riƙa zagaya 'yar kibiyar nan a kan allo da sauri. A tsohon sai ka ga kibiyar tana tsalle-tsalle kamar kwaɗo, nan ta ɓace, can ta ɓullo. A sabon kuwa sai ta riƙa zamewa sumul kamar an shafa mata mai. Ni na gani, da idon da ya yi shekara talatin da biyu yana gyaran takardun jarrabawa, ta cikin tabarau mai zare. Na so a ce Na-ji-an-ce yana wurin da masanansa. Gani ya kori ji.

Muka yi ciniki irin na mutanen da suka san juna, shi yana rantsuwa ni ina tashi, har muka daidaita. Muka ɗauko allo, Tsinke ta rungume kwalin a mota kamar jariri.

Da a nan labarin ya ƙare, da na ce muku ku je ku yi yadda na yi. Amma ba a nan take ba.

A gida ubanta ne ya karɓi aikin haɗawa, don a ganinsa duk abin da ke da waya aikin maigida ne. Ya cire tsohon allo, ya ɗora sabo, ya cusa waya, teburin ya ɗan yi rawa ya sa masa wani abu a ƙafa. Wuta ta zo da la'asar kamar baƙuwar da ta yi ɓatan hanya. Tsinke ta zauna ta kama sitiyarinta na wasa. Zagaye ɗaya, biyu, biyar. Na ga kafaɗunta suna sauka.

"Kaka," ta ce, ba ta juyo ba, "daidai yake da tsohon."

Na ce zagaya kibiyar. Ta zagaya. Kwaɗon nan dai, yana tsallensa.

"Na faɗa!" in ji ubanta. "An nuna muku wani a shago, an sa muku wani a kwali. Mama, ke da kike cewa ba a cutarki!"

Ban san wa ya kira Na-ji-an-ce ba, sai ga shi a bakin ƙofa hannu a baya. "Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Malama, ai na gaya miki, ido ba ya wuce sittin. Abin da kika gani a shago sha'awa ce kawai."

Uban Tsinke ya fara neman hularsa zai je ya ci kwalar Injiniya. Tsinke ta ture linzamin gefe. Ta rufe littafinta na zane-zanen kwana, ta ɗora hannu a kai, hawaye na ɗiga a kan bangon littafin. Saura kwana uku, kuɗin tabarau sun tafi, allo bai zo ba.

Sai na ce, "Ina takardar da ta zo cikin kwalin?"

Suka dube ni kamar na tambayi ina rijiyar da kakana ya haƙa.

"Wace takarda, Mama?"

"Ɗan littafin bayani. Kowane kaya da nasa."

"Haba Mama, wa yake karanta wannan?"

Ni nake karantawa. Ina da gwangwanin biskit cike da su, na dutsen guga, na rediyo, na fankar da ta mutu tun kafin a haifi Tsinke. A gidan nan dariya ake min a kai. Aka duba kwali babu, aka duba shara babu. Can uwar Tsinke ta nuna ƙasa da baki. Ga shi nan, an ninke shi huɗu, shi ne abin da ɗana ya tokare ƙafar tebur da shi. Wato allon yana zaune a kan iliminsa, kamar wasu da na sani.

Na sa aka ɗaga tebur, na warware takardar, na matsa kusa da taga. Rubutun ƙanana ne, da harsuna kusan goma, sai da na bi da yatsa. A shafi na goma sha ɗaya na same shi. Abu biyu ya ce. Na ɗaya, a yi amfani da wayar da ta zo cikin kwalin, don tsohuwar waya ba lallai ta iya ɗaukar saurin ba. Na biyu, ko an sa wayar, kwamfuta a sittin take barin allo, sai mutum ya shiga wurin saiti ya zaɓi ɗari da arba'in da huɗu da hannunsa.

Na ɗago kai. "Wace waya ka sa?"

"Tsohuwar mana. Lafiyarta ƙalau, kuma ta riga ta bi ta bayan tebur."

"Sabuwar fa?"

Ya ɗan kau da kai. "Na ajiye a durowa. Sabuwa ce fil cikin ledarta, ai gara a adana ta kada ta lalace."

Jama'a, na zauna na yi dariya har da hawaye. Jiya-jiya nake zagin manya don sun lulluɓe alluna casa'in da shida da leda kada su lalace, ashe cutar a cikin gidana take, kuma ni na haife ta. Mu ne masu kujerar da ba a cire wa leda sai ta tsufa a cikinta. Mu ne masu faranti na baƙi da baƙin ba su taɓa gani ba. Manyan nan ba daga sama suka faɗo ba, daga ɗakunanmu suka fita, bambancin kawai durowarsu ta fi tamu girma, kuma da kuɗinmu ake cika ta.

Aka fito da waya daga kurkukunta. Tsinke ta sa, ta shiga saiti, ga jerin lambobi, sittin ne a zaɓe, ɗari da arba'in da huɗu yana ƙasa yana jira tun ɗazu kamar mai neman aiki. Ita ma ta sha jin wannan a bakin abokan wasanta, ruɗewa ce ta sa ta manta. Ta danna. Allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, zuciyata ta bi shi, sannan ya dawo. Ta zagaya kibiya.

Ihun da ta yi, sai da kajin maƙwabta suka watse.

Na juya wajen Na-ji-an-ce na ce, "Matso ka gani da naka idon, yau ɗaya dai." Ya matso, ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Eh to. Dama na ji an ce wasu idanun suna kaiwa." Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami, amma wannan kazar ko ta farka sai ta ce dama tana sane.

Saura wuta. Masu ba mu wuta, Allah ya ƙara musu hutu, sun fitar da jadawali cewa unguwarmu za ta samu ranar Asabar daga safe zuwa dare. Da jin haka kowa ya san sai a nemi mai. Ranar Juma'a na aika da galan gidan mai, ya dawo yadda ya tafi, sai dai ya ƙara sanin mutane. An ce tanka tana hanya. Tankar nan tun ina aiki take hanya.

Asabar, ƙarfe uku da rabi, wuta ta ɗauke kamar yadda ba a alkawarta ba. Tsinke ta dube ni. Ni kuma ba ni da shafi na goma sha ɗaya a kan wannan. Sai muka ji wani tari da kakari a tsakar gida. Na leƙa. Ga ɗana durƙushe a gefen motarsa, tiyo a baki, yana zuƙo man da ya kwana uku a layi kafin ya samu, yana tofarwa yana zagin wanda ya ƙirƙiro gem. Ya cika janareta, ya ja igiya, ya goge baki da hannun riga.

"Ba don wasan ba," in ji shi, bai kalle ni ba. "Don kada a ce da wuta aka kayar da ita."

Na ce, "Na ji, ɗan albarka. Je ka kurkure baki."

Ƙarfe huɗu aka saki motoci. Ni ban gane komai ba sai launuka suna wucewa, amma na gane bayan yarinyar, a miƙe yake kamar sanda. Mutumin da ya gaji da vuum-vuum yana tsaye a kanta yana ihu, "Birki! Birki! Ke, ga wani nan ta hagunki!"

"Baba, don Allah ka yi shiru!"

"Yi haƙuri. Ki tare shi! Kada ki ba shi hanya!"

A zagayen ƙarshe ta huɗu take. A kwana ta ƙarshe, wadda ta cika shafi biyu a littafinta, na gabanta ya buɗe kaɗan, ita kuma ta shige ta ciki kamar zare a kafar allura. Ta uku ta zo. Tsakaninta da na huɗu bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ban ce allo ne ya ci mata ba, littafin nan ne da watannin da ta yi a kansa. Allon dai ya daina rufe mata ido ne.

Ubanta ya fita tsakar gida yana gaya wa Na-ji-an-ce ta kan katanga cewa shi dama tun tana ƙarama ya ga alamar tuƙi a hannunta. Litinin ta zo ta wuce, kwamfuta tana nan a kan teburinta. Ƙafar teburin kuwa da guntun katako aka tokare ta, takardar ta koma gwangwanin biskit cikin 'yan'uwanta.

Ni ce dai na fita ranar Litinin ɗin, don akwai abin da ke cina. Na koma cibiyar matasa. Oga ya tafi taro, wannan karon na duba sakamakon wancan taron. Na roƙi Baba mai gadi ya ara min kujera, na taka a hankali, na lalubi ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin allon farko, wanda shafi na goma sha biyu ya ce yana nuna saurin da allo yake yi a lokacin. Na danna. Wata 'yar lamba ta fito a kan kuncin Mai Girma.

Sittin.

Na bi sauran ukun. Sittin, sittin, sittin. Na tambayi mai gadi ina wayoyin da suka zo da su, ya ce suna sito a kulle cikin ledarsu, an ce a adana. Wato an biya kuɗin ɗari biyu da arba'in, ana ƙona mai dare da rana, kuma tun ranar da aka yanke ƙyalle kashi ɗaya cikin huɗu na murmushin muke samu. Ko a fara'a ma an ci mana kashi uku.

"Hajiya, akwai matsala ne?" in ji mai gadi yana riƙe min kujera. "In gaya wa Oga a gyara?"

Na dubi fuskar nan huɗu, hula a karkace, almakashi a hannu. Na ce, "A'a, Baba. Lafiya ƙalau suke."

Ku ma da kuka karanta, ina roƙonku da girman Allah, a bar kaza cikin gashinta. Wanda ya sayi allo ya je ya duba shafi na goma sha ɗaya. Amma kada wanda ya kai musu labari. Sau sittin a daƙiƙa ma da ƙyar muke ɗauka, kuma ni har yanzu ban yi sabon tabarau ba.